Filin da Inna ta Gani a Mafarki

Katsina zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba direba ya yi hon a ƙofar gidanmu. Ina ɗaukar jaka Inna ta lalubo hannuna ta riƙe gam. Idonta ya daɗe yana dushewa, kuma likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ɗan ganin da ya rage mata da wuya ya kai baɗi. Ba tsaraba take so ba. Fuskar autanta Sagir take son gani, wanda ya tafi karatu Guangzhou ta ƙasar China shekara tara ke nan, ko rasuwar Baba bai zo ba. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, don haka ni aka ɗora wa wannan aike, ni da iyakata sarin atamfa a Kantin Kwari, sai Makka sau ɗaya.

Sau uku Inna tana mafarkinsa iri ɗaya: fili kore shar, shi cikin fararen kaya yana gudu yana kewaye wani abu, tana kira ba ya waiwaye. Maƙwabta suka ce Hajji ne. Inna ta ce ita dai fararen kaya likkafani suke tuna mata. Da wannan maganar a kunnena na shiga mota.

Mun wuce shinge shida kafin Kano, muka yi sallar asuba a gefen hanya. Takwas saura kwata muna filin jirgi. Jirgi ya tashi bayan azahar, muka sauka Addis Ababa muka canja wani, sannan awa goma cur a sama. Duk tsawon tafiyar ina tsara zagin da zan yi wa Sagir, daki-daki, har da inda zan tsaya in ja numfashi.

Guangzhou, Alhamis

Mun sauka wajen ƙarfe huɗu na yamma, agogonsu ya riga namu da awa bakwai. Iskar garin ɗumi da laima, kamar an buɗe tukunyar dambu. Ina fitowa na hango shi, ya rame, ya yi ɗan gemu. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Wallahi zagin nan duk ya bi iska, sai kuka, ni da na zo faɗa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu unguwar Sanyuanli, inda Sagir ya kama mini ɗaki, kuɗinsu na yuwan ɗari da ashirin kwana ɗaya. Muka ci taliyar Musulmin China mai romon naman sa, kwano yuwan goma sha takwas. Ya miƙo mini tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, na ce ya nemo mini cokali tun muna shaida juna.

Juma'a da Asabar

Washegari ya kai ni Tianxiu, wani dogon bene a unguwar Xiaobei inda 'yan kasuwarmu suke da shaguna da ofisoshi. A cikin lif na ji wani yana waya yana cewa a gaishe da mutanen Fagge. Nan Sagir yake aikin dillanci, yana haɗa Alhazai da masu kaya. Duk shagon da na tambayi leshin da nake so sai a kaɗa hannu a ce "meyo, meyo," wato babu. Shi ma na ga ya koyi wannan hali, don duk lokacin da na ɗauko zancen gida sai ya ce bari ya gama da kwantenar mutane.

Ranar Asabar a kasuwar Liwan na tare shi tsakanin dilolin yadi, na ce yau ba meyo. Nan ya faɗa mini gaskiya. Karatun ya watse tun shekara ta uku, jarrabawa ta kayar da shi sau biyu. Baba ya rasu yana faɗa wa mutane ɗansa injiniya ne a China. Kansa a ƙasa ya ce, "Da wace fuska zan shiga gidan nan, Yaya?"

Na ce, "Da wadda Inna take son gani."

Ya kawar da kai. Can ya ce gobe Lahadi yana da wasa, in raka shi, in an tashi ma yi magana. Na ce wasa? Uwarka tana makancewa kana zancen wasa? Amma mai nema ba ya fushi, na bi shi.

Lahadi

Mun fita ƙarfe goma sha biyu, awa guda a jirgin ƙasa, sannan bas ta minti ashirin zuwa wani fili kusa da kogi. Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, tururi yana tashi daga ciyawa. A hanya ya ce mini sunan wasan besbol, a fina-finai ya fara ganinsa lokacin kullen korona, shi kaɗai a ɗaki. Wai abin da ya kama zuciyarsa shi ne wasan ba shi da agogo, ba a tashi sai kowa ya samu rabon da aka rubuta masa. Na ce ai wannan ko makarantar allo an gaya maka.

Ya shiga wani ɗaki ya fito. Farar riga, farin wando, ga fili kore shar a bayansa. Na zauna a kan benci ba tare da na yi niyyar zama ba.

Sai kuma wani abin ya tayar mini da hankali. Na ga kowane ɗan wasa in zai shiga filin sai ya cire hula ya rusuna. Can kuma wani ya sunkuya yana share wani farin faranti a ƙasa da ɗan buroshi, a hankali, da ladabi. Na ce inna lillahi, wurin bautarsu ne, shi ya sa yaron nan ya ƙi gida. Har na miƙe zan finciko shi a gaban kowa. Sai na ga ya zo bakin filin bai rusuna ba, ya dafa ƙirji, leɓensa ya motsa da bisimilla, ya shiga da ƙafar dama. Na koma na zauna ina jin kunyar kaina. Daga baya ya ce mini gaisuwa ce kawai suke yi wa fili, farantin kuma nan ne ake tashi, nan ake dawowa.

Wasan dai ga yadda na gane shi. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya doke ta da sanda mai kama da taɓarya, ya ruga. Akwai zango uku a hanya, sannan ya dawo farantin da ya baro. Ba hayaniya irin ta ƙwallon ƙafa. Ana jifa, ana jira, ana kallon juna. Gyangyaɗi ya fara ɗaukata, fararen kayan nan suna shawagi cikin tururi, ban san ko ido biyu nake ba ko cikin mafarkin Inna na faɗa. Sai na lura duk mai gudu kafaɗarsa ta hagu ce take ciki, hannun da muke ɗawafi. Na tuna Baba a Harami yana riƙe da gefen mayafina kada in ɓace masa.

Da layi ya zo kan Sagir ya doki ƙwallon, ji kake ƙwas, ta yi nisa. Ya wuce zango na ɗaya, na biyu, ya tsaya a na uku yana haki. Wanda ya biyo shi ya kai duka sau uku bai samu ba, aka fitar da shi. Sai wani dattijo ya fito, tsohon malamin makaranta da Sagir yake kira Baba Liyu, shi ne ya koya masa wasan. Na zaci zai zage ya doka. Ina! Sandar kawai ya tara wa ƙwallon, ta gangara gabansa kamar ƙwai. Nan take aka ɗauka aka fitar da shi, amma kafin nan Sagir ya taso ya zube a kan farantin, ƙasa ta tashi. Abin mamaki, tsohon da aka fitar aka fi yi wa tafi.

Da Sagir ya zo shan ruwa, gwiwar wandonsa duk jar ƙasa, na tambaye shi dalili. Ya ce da gangan tsohon ya ba da kansa don shi ya iso. Ya ce a wasan nan duk nisan da ka yi, in ba ka dawo inda ka tashi ba, ba a rubuta maka komai.

Na dube shi na ce, "To kai shekara tara kana tsaye a zango na uku. Babanmu an riga an fitar da shi. Yanzu Inna ce riƙe da sandar, Sagir, kuma ba ta ganin ƙwallon sosai."

Ya ajiye gorar ruwan ya je ya yi alwala. Muka yi la'asar a gefen fili, shi a gaba, Baba Liyu yana tsaye nesa kaɗan yana hana mutane gittawa. A sujada ta ƙarshe ya daɗe har na ji tsoro. Da ya sallame ya ce, "Yaya, ranar Laraba akwai jirgi." Na ce wa tsohon shiye-shiye, wato na gode, iyakar abin da na iya ke nan, ya yi ta dariya yana gyaɗa kai.

Komawa

Laraba muka taso, Alhamis da rana muka sauka Kano, ƙarfe biyar da minti goma mota ta tsaya a ƙofar gida. Leshi ko yadi ɗaya ban saro ba, kuma ban damu ba. A zaure na sa shi ya sa fararen kayan nan, yana ta cewa gwiwar ta ƙi wankuwa.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Ya durƙusa, ta kamo kansa da hannu biyu ta juya shi wajen hasken rana, ta matso da shi har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe tana kallo. Ya fara zancen karatu, ta rufe masa baki. Ta ce ya rame, kuma ya ɗebo goshin ubansa. Sannan ta bi farar rigar da ido, ta gangara har gwiwa, ta tsaya a kan jar ƙasar nan tana shafawa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Likkafani ba ya datti a gwiwa."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da mu biyu, Ya kuma bar wa Inna hasken da ya ishe ta. Shi kuma tsohon can na bakin kogi, Allah Ya shirye shi, Ya saka masa da alheri.