Sunan Audu a kan Tagullar Kawu Ummaru

Shekara bakwai ke nan da muka binne Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja. A Talata Mafara an fi saninsa da dakalin nan na bakin unguwarmu, inda aka kafa hular kwano da takalman soja na tagulla, da allon tagulla mai sunayen mutanen yankinmu da suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba. Kowace bazara yakan wanke su da ruwa zalla, ya shafa kakin zuma, ya goge da tsumma. Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya bar wa aikin.

Ban riƙe amana ba. Damina ta yi ta wucewa ina gona, har tagullar ta yi kore. Bana kunya ta kama ni, na ɗebo toka da yashi da ruwan tsamiya, na dirje ta yadda ake dirje tukunya. Ta yi ƙyalli, na ji daɗi. Ashe rubutun na cinye.

Inna Hajo, wata tsohuwa daga Dakko, takan biyo ranar kasuwa. Ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni. Da yatsa take gane sunan wanta Audu a kan allon, wanda ba ta san kabarinsa ba. Da ta zo bayan na dirje, sai ta shafa wurin, ta sake shafawa.

"Ɗan nan, wa ya shahe mani Audu?"

Na ce, "Inna, ni ne."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Maƙerin da muka kira daga Sakkwato ya ce duhun da na kankare tare da koren shi ne rigar tagullar, kakin Kawu kuma shi ke hana ruwa shiga. Ya sake sassaƙa sunan, Inna na faɗa masa. Da ta taɓa, sai ta ce, "Wanga yana da kaihi. Na da ya san hannuna."

Da Kawu zai leƙo, ba na jin zai ɗaga murya. Tsumma zai miƙo mini. Abin da ya bari ke nan: aikin da ba ya son gaggawa. Na nemo kaki wurin masu zuma a Maradun. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kuma ba Inna Hajo kwanakin da sabon rubutun zai saba da yatsarta.