Bayan Da Ƙurajen Suka Bushe

A shekarun tamanin ina matar aure a Illela da 'ya'ya uku, maigidana yana fataucin albasa zuwa Ƙwanni. Ni mace ce mai baki a lokacin, ba na shakkar kowa, amma abu ɗaya ke kashe mini gwiwa: bazara ta shigo a ce baƙon dauro ya sauka unguwa. Ko sunansa ba ma kira da ƙarfi.

Autata ta fara tafiya ke nan, ɗiya ce ɓul-ɓul mai ƙiriniya. Ta yi mura ta warke, ta yi gudawar haƙori ta miƙe, har ina cika baki cewa jikinta ƙarfe ne. Sai baƙon dauron ya kama ɗan faccalata, matar wan mijina, da muke gida ɗaya. Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta ce a haɗa su tabarma ɗaya, tun da kowane yaro sai ya yi, gara ta yi da ƙuruciya a huta. Haka aka yi mata, haka ta yi wa nata. Na tambaye ta in abin ya zo da ƙarfi fa, ta ce mi nake tsoro, ita da ta raini takwas. Babu mugunta a ranta ko kaɗan. Da hannuna na kwantar da yarinyar.

Ya kama ta kuwa. Jiki kamar garwashi, idanu jawur sun manne, ba ta karɓar nono. Ba wanka, ba allura, wai kada ƙurajen su koma ciki. Ina zaune ina kallon ƙirjinta, in ya daɗe bai ɗaga ba sai in taɓa ta. Da ƙurajen suka feso suka bushe, fata ta saɓule, aka soya ƙosai aka yi sadaka, mata suna yi mini barka wai ta haye.

Ashe ba ta haye ba. Murar da yayyenta ke yi suna wasansu, ita sai ta kwantar da ita. Baki ya yi gyambo, kunne ya fara ruwa, wannan na tafiya wancan na zuwa. Ta daina tafiya, ta koma rarrafe, ƙarshe ta daina ko wannan. Wallahi har tarin yaran maƙwabta tsoro yake ba ni, in na ji shi ta katanga sai in goya ta in shige ɗaki. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce mayarwa ce, sauran ciwon ne kawai, ai mai wuyar ya wuce. Da damina ta faɗi gudawa ta kama ta, irin wadda ta sha yi a baya. Kafin mu isa asibiti ta yi sanyi a bayana, ban ma sani ba sai da aka kwance zanen.

Shekaru da yawa bayan haka jikata mai aikin jinya ta yi mini bayani. Ta ce duk ciwon da yaro ya yi, akwai wasu ƙwayoyi a jininsa da ke riƙe kamannin ciwon don jiki ya gane shi gaba, shi kuwa baƙon dauro waɗannan masu riƙon yake kashewa, jiki ya mance abin da ya koya. Na yi kuka ranar kamar a lokacin aka yi rasuwar.

Na san kwana ne ya ƙare, amma 'yan'uwana mata, ku ji ni. Kada ku kai lafiyayyen yaro kusa da mai ciwon, ku kai shi rigakafi tun da wuri. In kuma ya kamu, kada ku saki jiki don ƙuraje sun bushe, ku ci gaba da sa ido kuna kai shi asibiti. Ni barka na tsaya karɓa, ɗiyata tana ƙarewa a hannuna.