Amsar da Mashkura Ta Kai Sisawa

Mashkura haifaffiyar Wurno ce, 'yar gidan malamai. Ta karanta aikin jinya a Sakkwato, ta ƙware kan ido, sannan ta dawo gida aiki. Duk kaka abu guda take gani: manomi ya zo da ido jajir, ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero ya soke shi har ya yi gyambo. Wasu su warke, wasu hakiya ta rufe idon.

Da likitoci masu bincike suka so gwada wani sabon maganin ɗigawa su ga ko ya fi wanda aka saba, ita suka damƙa wa tsara aikin a Wurno, Rabah da Goronyo. Ita ke horas da ma'aikata, ita ke zama da hakimai da limamai, kuma ba a sa kowa a gwajin sai ya fahimta ya yarda. Kwalaben magungunan biyu kamarsu ɗaya, na'ura ke raba su ta ƙuri'a, ita kanta ba ta san wanda ya samu sabon ba. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne bin mutane a sake duba su. Da 'yan bindiga suka tashi wasu ƙauyukan Rabah, har gidajen dangi a Goronyo ta bi marasa lafiyarta. Wasu ba ta ƙara ganinsu ba.

Cikin waɗanda suka fara shiga akwai Mode, wani dattijo manomin gero daga Sisawa. Ya zo a makare, idon ya riga ya yi fari. Matarsa Mairo ba ta taɓa tsallake lokacin ɗiga masa ba, amma idon bai dawo ba. Duk da haka ya riƙa turo maƙwabtansa.

Da aka gama, sakamako ya nuna sabon bai fi tsohon ba. Abin ya taɓa Mashkura, don ta sa rai. Ta ɗauki hanyar ƙauyuka ta faɗa wa mutane da bakinta. A Sisawa ta tarar da Mode a gindin rumbu yana tufka igiya. Ya saurare ta har ta gama.

"To ɗiyata, mi munka samu ke nan?"

Ta ce masa yanzu an san maganin da ke hannu bai gaza ba, kuma an lura waɗanda suka zo da wuri su suka fi warkewa, ko wanne aka ba su. Ya tambayi wanda aka ba shi, ta ce da aka buɗe bayanan bayan gwaji an ga sabon ne.

"Da tsohon anka ba ni fa?"

Ta so ta ce duk ɗaya ne, ta kwantar masa da hankali. Amma ta ce, "Baba, ban sani ba. Da wuya ya canza wani abu, amma ban iya rantse maka."

Daga baya ya roƙe ta ta dawo kafin girbi ta yi wa samari bayanin amfanin zuwa asibiti da wuri, don shi in ya faɗa ba su ji.

Ta dawo. Daga wannan zaman ne ta kai wa likitocin shawarar sabon gwaji: a koya wa masu kemis na ƙauye gane ciwon tun ranar farko su turo mutum asibiti. Shi take jagoranta yanzu, kuma bana aka shigar da ƙauyen Boyekai cikin gwajin.