Ranar da Baba ya ninke askarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, wanzamin ƙauyenmu a gefen Danchadi. Sai bana, a ɗakin koyon sassan jiki na makarantar likitanci, na riƙe abin da nake zaton shi ya raba shi da sana'arsa.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa ake ce mata. A ƙeya take, ƙarƙashin babbar, ba ta cika tafin hannuna ba. In an tsaga ta, cikinta kamar bishiya ne mai rassa. Damin jijiyoyi uku ne a kowane gefe suke haɗa ta da tushen ƙwaƙwalwa: ɗaya na kawo labarin inda gaɓoɓi suke, ɗaya na kawo abin da mutum ya yi niyya, na ukun na mayar da gyara. Idan ta lalace, hannu yakan zauna lafiya lau a kan cinya, sai ya doshi abu ya fara rawa.

Haka na Baba ya yi. Ranar wani suna ce a gidan mai unguwa, ina riƙe masa zabira. Ya kai aska kusa da kan jaririyar, hannun ya kauce. Ya janye, hannun ya natsu. Ya sake kaiwa, ya sake kaucewa. Ƙanensa, Baba Sani, ya raɗa masa cewa gidan nan tun kakanni mu ke yi musu aski, in ya tashi yau wani zai gaje shi.

"Yaya, daure ka gama. Ba wanda ya lura."

"Ni na lura," in ji Baba. "Ɗiyar mutane ta, Sani, ba ƙwarya ba."

Ya ninke askar, ya ce a ɗauko wani wanzami daga Kajiji a kan babur. Daga ranar gidajen suka bi baƙon ɗaya bayan ɗaya. Da yake kowa na ganin hannunsa a natse in yana zaune, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce lalaci. Ya koma taya mutane dashen albasa a fadama, tafiyarsa tana ƙara zama tangaɗi, har Allah ya karɓi abinsa.

Ba a taɓa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa a asibiti ba, don haka ba zan rantse da sunan cutar ba. Amma nakan tambayi kaina me zai ce da ya gan ni da wuƙar tiyata. Ina jin ba zai damu da sunayen jijiyoyin da na haddace ba. Zai tambaye ni ko na san ranar da zan ajiye ta.

Ba mu gaji gida ko ɗaya ba cikin waɗanda ya yi wa aski. Yarinyar nan ta gidan mai unguwa kuwa kullum tana wuce ƙofarmu zuwa makaranta, ba tabo a kanta, ba ta kuma san sunansa ba. Allah ya jiƙan Baba.