Jikan da Ke Son Ƙwallo

Gwaggona, ƙanwar Baba, shagonta bai fi ɗakin wanka girma ba. Yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Da gyaran waya ta fara, har wata rana aka kawo mata na'urar gem da aka kwance wa takunkumin kamfani, ta yini tana tona cikinta. Tun daga nan ta koma loda wa mutane gem: ta zuba shi daga filashi, sannan ta bi shi da ɗan fayil ɗin lasisi. In babu fayil ɗin, gem zai fito a allo da hoton kwaɗo a kansa, ka danna har yatsa ya gaji ba zai buɗe ba.

Baba kafinta ne, kuma ya daɗe yana cewa sana'arta lalata yaran mutane ce. Sai ga shi wata Asabar da na'ura a ƙunshe cikin tsohuwar riga, wai ta jikansa ce. Jikan nan ko rarrafe bai iya ba. Gwaggo ta tambaye shi wane gem yaron yake so, Baba ya kalli silin ya ce yana jin ƙwallo ne.

Ta loda ƙwallon, ta riƙe lasisin. Ta ƙara masa wani gem na agwagwa mai tsince balan-balan, shi kam da lasisinsa cif.

Baba ya daure kwana biyu. Mama ta ce har tsaki ta ji yana yi wa agwagwar. Da ya koma shagon, Gwaggo ta ce lallai sai mai na'urar ya zo da kansa ya faɗi matsalar.

"Yaya, ka ɗauko shi mana. Ko goyo ne."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Baba ya share gumi, ya rage murya.

"Ke dai cire min kwaɗon nan."

"Maka?"

"Min."

Kafin ya gyara zama ta zuba fayil ɗin, ta miƙa masa hannun bugawa ɗaya, ta ɗauki ɗaya. Ta yi masa ruwan ƙwallaye a raga. Baba ya ce maɓallinsa ne ke maƙalewa, suka yi musanya, ta ƙara masa. Da zai tafi ya auna kantarta da ido, ya ce katakon ya ruɓe, zai zo ranar Asabar ya canza.