Yatsan da Profira Ta Karya

A ƙauyenmu da ke gindin tsaunukan Romaniya, in ka ambaci Profira sai a ce maka, "Wacce? Mai gudun nan?" Ba wanda zai rantse ya taɓa ganinta zaune tana cin tuwon masara. A tsaye take ci, a tsaye take addu'a, in ta shiga coci kuwa kafin kyandir ɗinta ya gama kamawa ta kai bakin ƙofa. Tun tana ƙarama haka take. Wata rana ta fito a guje za ta bi 'yan wasa, ta bugo ƙyauren gida a kan hannun uwarta Tudora, ƙaramin yatsa ya karye. Aka ɗaure shi da tsinke a gida, ya warke a karkace. Da wannan yatsan Tudora ta riƙa nuna ta har tsufa, tana cewa, "Ke dai, sauri zai haifa miki nawa."

Ya kuwa haifa. Da sauri ta yi aure, da sauri auren ya mutu. Ta yi ɗinki a wata masana'anta a birni har aka rufe ta, daga nan ta bi sahun matan da ke tafiya Italiya jinyar tsofaffi. Can ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke iyayen wasu, tana ba su abinci a baki. Takan zo gida jefi-jefi a ƙaramar bas ɗin Dorel, ta sauke jakunkuna, ta sumbaci kowa a tsaye, kafin maƙwabta su gama jin ta zo ta koma. Ni ban ga laifinta ba, don kwanon da ke saman gidansu da maganin uwarsu duk daga guminta suka fito. Amma ƙauye ba ya tuna wanda ya aiko, wanda ya zauna yake tunawa.

Wadda ta zauna kuwa ita ce yayarta Smaranda, mace mai nauyin jiki da kaifin harshe, wadda in ta yi maka sannu sai ka duba ko ta yanke ka. Ita ta yi ta juya Tudora a kan gado har rai ya yi halinsa. Profira ba ta samu wadda za ta riƙe mata tsohuwar da take jinya ba sai a makare, ta iso an riga an rufe kabari. Smaranda ta tare ta a bakin ƙyauren nan, ta ce, "An gama. Koma, kada tsohuwarki ta ji yunwa." Tun ranar ba sa ga maciji.

Da shekara bakwai ta cika da binne Tudora, lokacin tono ya yi. Haka muke yi: a buɗe kabari, a fito da ƙasusuwa, 'ya'ya mata su wanke su da ruwan inabi da mai, a naɗe a farin ƙyalle, Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, a mayar. Duk shekarun nan Profira wannan ranar take jira, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ita ta rufe idon uwarta ba, ba ita ta wanke gawar ba. Wannan ce kaɗai damar da ta rage mata ta taɓa Tudora da hannunta. Masu gidan da take aiki suka ba ta izini da ƙyar, suka ce in ba ta dawo a motar Asabar ba akwai wata mai jiran gurbin. Tonon kuwa ranar Asabar ɗin ne da safe, motar Dorel za ta tashi da rana tsaka.

Abin ya faɗo cikin kwanakin da ke bayan Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, lokacin da ba a cewa ina kwana. "Almasihu ya tashi" ake cewa, a amsa maka da "Hakika ya tashi." Ko wanda ya sace maka kaza ne ya faɗa, sai ka amsa masa.

Profira ta shigo maƙabarta tana jan akwatin tafiya, ƙafafunsa na ƙara a kan tsakuwa. Ta tarar Baba Gavrila mai haƙa kabari ya riga ya kai ga katakon akwatin gawar da ya ruɓe, Fada Ilarion na tsaye da 'yan tsofaffin mata, Smaranda kuma zaune a kan kujera 'yar tsuguno, daro a gabanta.

"Almasihu ya tashi, Yaya."

Smaranda ta yi mata kallon hadarin kaji, ta dubi akwatin, ta ci gaba da tsiyaya ruwan inabi. Tsofaffin matan suka sunkuyar da kai don kunya.

"Yaya, na gaishe ki."

"Na ji ƙarar akwati dai. Tasha kika zo nema? Tana can ƙasa."

"Wanka na zo yi wa Mama, kamar yadda kika zo."

"Da wane hannun? Wanda ya wanke uwayen Italiya? Ki bar shi ya huta, gobe yana da aiki."

"Wannan hannun ya saya miki rufin da kike kwana a ƙasansa!"

"To je ki wanke rufin."

Fada Ilarion ya yi gyaran murya. "Smaranda, a gaban mahaifiyarku?"

"A gabanta fa, Fada. Ta saba."

Baba Gavrila ya fara miƙo ƙasusuwa. Smaranda na karɓa, tana wankewa, tana jerawa a kan farin ƙyalle, kowanne a mazauninsa. Duk sanda Profira ta miƙa hannu sai ta kare daron da gwiwar hannunta. Profira ta tsaya kamar baƙuwa, idonta ɗaya a kan ƙoƙon kan uwarta, ɗaya a kan agogo, zuciyarta na tafasa. Ta tsani yayarta a lokacin nan, tsana ta gaske, ta kuma tsani kanta da ta kasa daina duba agogon.

Da aka zo hannun hagu sai Smaranda ta tsaya. Ta sake lalube cikin daron. "Baba Gavrila, ƙaramin yatsa bai fito ba."

Tsohon ya riga ya hauro yana kaɗe wando. "Ƙananan nan kullum ƙasa ke riƙe su, 'yata. Wanda ya yi Adamu da turɓaya ba zai rasa yatsa ɗaya ranar tashi ba."

"Shi ba zai rasa ba. Ni ce ba zan naɗe uwata da gibi ba. Koma ka duba."

"Bayana ya ƙi. In kina so ki sauka da kanki."

Kowa ya san gwiwoyin Smaranda ko matakalar coci da ƙyar suke hawa. Ta dubi ramin. Kafin ta sami abin faɗa Profira ta tuɓe takalmanta na birni ta zura ƙafa ciki.

"Fito min daga nan! Wa ya aike ki?"

"Miƙo rariya, Yaya, ki rage surutu."

Rariyar ta zo, amma jefo ta aka yi. Profira ta durƙusa ta hau yaƙushin ƙasa da hannu bibbiyu tana watsawa gefe, irin aikin da ta iya, na a yi a gama.

"A hankali, uwar gaggawa!" Smaranda ta daka mata tsawa daga sama. "Kaza ce ke? Haka za ki watsar da shi ki binne. Kin karya shi sau ɗaya bai ishe ki ba?"

Maganar ta yi zafi, amma gaskiya ce. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ta dunƙule, rariya ba ta cin ta. Ba dabara sai a ɗauki curi ɗaya a murza shi tsakanin yatsu har ya watse, a ajiye, a ɗauki wani. Wannan aiki ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa. Profira ta murza na farko da haushi, na biyu ma haka. Can sai ta lura ba ta jin muryoyin sama sosai. Ramin da sanyi, ga ƙamshin ƙasa, ga shiru irin wanda rabonta da shi tun ba ta san kanta ba. Tsoro ya kama ta, don ta gane abin da ya sa ba ta zama: ta san ranar da ta zauna, kukan da ba ta yi ba zai cim mata. Ya kuwa cim mata a nan, ta bar shi ya zubo, hannunta bai daina murza ƙasa ba.

Tana cikin haka ta tuna Tudora a wani tono da aka yi tun suna yara. Profira ta tambaye ta don me ake wahalar wanke ƙashin da ya riga ya mutu. Tudora ta ce, "Kin taɓa ganin an wanke riga an ninke don a jefar? Wadda za a sake sawa ake wankewa." A lokacin ba ta tsaya ta ji ƙarshen maganar ba, ta ruga wasa.

Odar mota ta tashi daga ƙasan tudu. Wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Jim kaɗan sai ga Dorel a bakin ƙofar maƙabarta yana huci.

"Almasihu ya tashi, jama'a! Anti Profira, mutane sun cika mota suna zagina!"

"Hakika ya tashi," tsofaffin suka amsa, har da Smaranda. Shi ta amsa masa.

"Ka tafi, Dorel," muryar Profira ta fito daga rami.

"Anti, in na tafi fa na tafi!"

"Allah ya kiyaye hanya."

Suka ji ƙarar motar tana nisa har ta ɓace. Smaranda ta leƙo. "Aikinki ya tafi ke nan."

"Ya tafi."

"Kada gobe ki ce ni na sa ki."

"Ke ko ruwa ba ki isa ki sa ni in sha ba."

Rana ta karkata, Fada ya gaji da tsayuwa ya zauna a gefen wani kabari. Sannan wani curi ya ƙi watsewa a hannun Profira. Ta goge shi da babban yatsa. Ɗan ƙashi ne siriri, da ƙulli a tsakiyarsa inda ya haɗe a karkace. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba.

Baba Gavrila ya jawo ta sama, siket ɗinta duk laka. Smaranda ta buɗe tafin hannu. "Kawo."

"A'a."

"Na ce kawo!"

"Ni na karya shi, Yaya. Ni zan wanke shi."

Suka zuba wa juna ido, ba mai niyyar sauke nata. Daga baya Smaranda ta ja tsaki, ta turo daron da ƙafa har ruwan inabin ya fallatsa. Profira ta zauna a ƙasa dirshan, ta tsoma ɗan ƙashin, ta wanke shi lungu-lungu, ta shafe shi da mai. Ta daɗe tana yi, ba wanda ya ce ta yi sauri.

"Fada," ta ce, "ranar tashi, a miƙe zai dawo?"

Smaranda ta riga Fada. "A karkace zai dawo. In ya miƙe da me za ta nuna ki?"

Profira ta ɗora shi a gurbinsa a kan farin ƙyalle, hannun ya cika. Ta sunkuya kusa da ƙoƙon kan, ta ce a hankali, "Almasihu ya tashi, Mama."

Smaranda ta juya baya tana kama bakin ƙyallen.

"Hakika ya tashi," ta ce.

Profira ta ɗago ta dube ta.

"Kada ki kalle ni, ba don ke na amsa ba," in ji Smaranda. "Aron baki na ba Mama, kafin nata ya dawo."