Kalmar da Na Yi wa Murmushi

Lokacin da masu yawon buɗe ido suka daina zuwa Agadas, otel ɗin da nake aiki ya rufe ƙofa. Mai otel ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Masu wayo suka kwashe katifu da fankoki. Ni da na tsaya kallo, na tashi da wani kwali da wata baƙuwa ta manta a ɗaki: allon wasan jera haruffa, da jakar ƴaƴansa, da wani littafi mai kauri na kalmomin Ingilishi. Littafin ba ƙamus ba ne. Kalmomi ne kawai a jere, shafi bayan shafi, waɗanda dokar wasan ta yarda a ajiye a kan allo. Babu ko ɗaya da aka faɗi ma'anarta.

Maƙwabcina tsohon malamin Ingilishi ne da ya ajiye aiki, kowa a unguwa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Shi ya koya mini wasan. Kullum bayan la'asar muna zaune gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, ƴan fada, wato samarin majalisar unguwa, na dafa shayi suna kallo. Wata shida yana lallasa ni yana dariya. Ni kuwa ina da zuciya, ba na son a yi mini dariya. Na rungumi littafin nan na shiga hadda. Na fara da kalmomi masu harafi biyu, na wuce masu uku, har na kai masu bakwai, waɗanda idan ka ajiye su gaba ɗaya ake ƙara maka maki hamsin. A shekara ta uku Mushe ya daina cin ko wasa ɗaya a hannuna.

Wani lokaci yakan ɗora yatsa a kan kalmar da na ajiye ya ce, "Ƙane, wannan me take nufi?"

Sai in ce, "Mushe, tana cikin littafi ko ba ta ciki?"

"Tana ciki."

"To, rubuta maki."

Ƴan fada su kwashe da dariya. Magana ta bazu a unguwa cewa na fi malamin lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi. Abin kunya, ni ma na yarda.

Duk shekarun nan matata ce ke riƙe da gidan. Albasar Tabelot take sayarwa a kasuwa, ta fita da sassafe ta dawo tana warin albasa, idanunta jajur. Ƙannena biyu sun tafi haƙar zinariya a cikin sahara, ɗaya ya dawo da tarin da har yau bai bar shi ba. Tsoron ramin nan nake yi, ban taɓa ɓoyewa ba. Da aka ji wata ƙungiya mai karɓar matafiyan da hanya ta ƙi tana neman tafinta mai jin Ingilishi da Faransanci, matata ta ce, "Baban yara, ga aikinka ya zo har gida. In wannan ya wuce ka, sai dai ka bi ƙannenka." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma na san gaskiya ce.

Na sa farar rigata, na je buro ɗin, wato ofishin ƙungiyar, da biro biyu a aljihu. Na zaci takarda za a ba mu. Shugabar wurin ta ce da Faransanci su ba rubutu suke so ba, kunne suke so. Ta kai ni wani ɗaki inda wata mace take zaune a kan benci, an naɗe mata ƙafafu da bandeji. Daga wata ƙasa ta bakin teku ta fito, an ɗauko ta daga wajen Dirkou, cikin sahara. Shugabar ta ce in saurara, in faɗa mata abin da matar ta ce.

Matar ta fara magana a hankali tana kallon ƙasa. Ina jin sauti yana wucewa, ban san inda kalma ta ƙare wata ta fara ba. Gumi ya keto mini. Can sai na ji wata da na sani: "widowed". Harafi bakwai! Na taɓa ajiye ta gaba ɗaya a ƙarshen wasa, Mushe ya riƙe baki, ƴan fada suka ƙara mini kofin shayi. Daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan unguwarmu a tashar wani gari. Na gyaɗa kai, na yi murmushi har haƙorana suka fito.

Matar ta ɗago ta dube ni. Ta ja gyalenta ta rufe baki, ta juya fuska wajen bango. Shugabar ta tambaye ni me ta ce. Na ce tana bayanin tafiyarta ne. Ta ce, "Mun gode, mushe," ta buɗe mini ƙofa.

Ban wuce gida ba. Na sami Mushe ya riga ya shimfiɗa tabarma ya buɗe allo. Na tsaya a kansa na ce, "Mushe, kalmar nan da na ci ka da ita ranar nan, me take nufi?" Na jera masa ita da ƴaƴan wasan.

Ya ce, "Macen da mijinta ya mutu ya bar ta. Yau kuma kai ne da tambayar ma'ana?"

Na zauna a ƙasa.

Aikin dai ya wuce ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Matata ta wanke mini kayan sawa ta ɗaure a buhu. Bayan kwana tara na hau bayan mota zuwa wurin zinariya. Na yi shekara biyu a can, ban samo abin kirki ba.

Talaucin na saba da shi. Abin da ya ƙi barina shi ne matar nan. Ta gaya wa mutum na farko da aka ce yana jin harshenta cewa mijinta ya mutu a hanya, ya washe mata baki. Ban san sunanta ba, ban san ƙasarta ba, balle in je in ba ta haƙuri. Ko da na gan ta yau, ba ni da Ingilishin da zan yi mata bayani. Kalmomin na nan cike da kaina, dubbai, sun ƙi fita. Duk lokacin da waccan kalmar ta faɗo mini, kafin in tuna fuskar matar, sai na fara tuna cewa maki sittin da biyar ce.